Filin Gwaggo: Hasumiyar da ta kwanta a hoto

Wasiƙun wannan mako daga hanya ɗaya suka fito, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Baleyara ta nufi Filinge, kuma dukkansu rigimar hoto ce ta shiga tsakanin mutane. Masu tambayar inda Gwaggo ta san kyamara, a ɗakin wankin hoton mahaifina na yi wayo. Bismillah.

Baba magini ya daina amsa gaisuwata

Gwaggo, barka da aiki. Kakana mai hoto ne, ya rasu ya bar kyamarar katako mai zugazugi da ƙafa uku, irin wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle. Na koyi sa mata takardar hoto mai santimita 13 da 18, in wanke a ɗaki da jar fitila. Da aka gama masallacin unguwarmu, Alhajin da ya ɗauki nauyin ginin ya ce in ɗauko masa shi zai rataya a zaure. Hasumiyar ta kai mita 15, ta ƙi shiga, sai na ɗaga kan kyamarar sama. Da hoto ya fito, hasumiya ta jingina baya za ta kwanta, bangon hagu da na dama sun karkato suna neman haɗa kai. Alhaji ya ƙi biya. Abin da ya fi ci mini rai, 'yan majalisa sun riƙe hoton suna yi wa Baba magini tsiya wai gininsa a karkace yake, ga shi aminin kakana ne. Yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Kyamarar ce ta tsufa, ko ni ne?

*Jikan mai hoto, Baleyara*

Ɗana, kai ne. Kyamara ba ta yi laifi ba, Baba magini ma bai yi ba, kuma maganin yana nan a goshin kyamarar inda kakanka ya bar maka shi.

Muddin takardar da ke bayan kyamara tana tsaye cak kamar yadda bango yake tsaye, faɗin bango a gindi da faɗinsa a sama ɗaya za su fito. Da ka ɗaga kan kyamara, takarda ta kishingiɗa, saman gini ya fi gindinsa yi mata nisa, abin da ya yi nisa kuwa ƙanƙancewa yake yi. Shi ya sa bango biyu suka nufi juna. Da hasumiyar Agadas ka ɗauka, mai mita 27, wadda tun wajen gini aka tsuke samanta, da ba wanda zai kama ka. Miƙaƙƙiyar hasumiyar siminti ba ta rufa wa mai hoto asiri.

Yanzu je ka duba allon da idon kyamarar yake zaune a kai. Za ka tarar yana cikin kwarmi biyu na katako, da wani noti na tagulla wanda tsufa ya baƙanta. Kwance shi, allon zai zame sama da ƙasa. Idan ya cije, goga masa kakin zuma ko busasshen sabulu, kada ka sa mai, katako zai sha ya kumbura. Dalilin wannan allo shi ne idon kyamara ba hoto mai kusurwa huɗu yake jefawa ciki ba, da'ira yake jefawa, kuma da'irar ta fi takarda girma. Ɗauke ta a matsayin inuwar tsamiya, takardarka kuma tabarma ce da aka shimfiɗa a ciki: ana iya jan tabarma nan da can, sharaɗi dai kada gefenta ya fita rana. Idan ka ɗaga ido ka bar baya a tsaye, da'ira ta matsa, takarda ta bar ƙasar da ke gaban ƙafarka ta kama saman gini, bango kuma bai karkace ba.

Ga lissafi, don kada ka yi ta lalube. A bakin idon akwai lamba, ga irin kyamararka galibi 210 ce, wato milimita. Juya takarda ta tsaya a tsawonta, ka ja da baya mita 30. Daga nan tana kama mita 12 da ɗoriya sama da tsayin idon, ka haɗa da mita ɗaya da rabi na ƙafafun kyamara, bai kai 15 ba. Kan hasumiya ya yanke ke nan. Ɗaga ido santimita 2, ka sami ƙarin kusan mita 3, ka haura 16, hasumiya ta shiga har da ɗan sarari a kanta. Ƙa'idar ita ce ka raba abin da ka ɗaga, a milimita, da lambar ido, ka ninka da nisanka. Idan wuri ya ƙure ba ka iya ja da baya, nemi izini ka hau soron maƙwabta.

Sauran aikin na Baba ne. Ka sayi goro ka same shi a gida bayan la'asar, ba a majalisa ba. Ka ce, “Baba, hannuna ne ya karkace, ba gininka ba, na zo ka taimake ni.” Ka roƙe shi ya zo da igiyarsa mai dalma da ma'aunin nan mai kumfa, shi da kansa ya saita maka bayan kyamara kamar yadda yake saita bango. Sannan ka sa shi ya shiga ƙarƙashin ƙyalle, ka riƙa tura allon a hankali yana kallo. Ka gaya masa tun da wuri cewa a gilashin baya masallacin kife yake fitowa, kan hasumiya ta ƙasa zai leƙo, kada a sake sabon ɓacin rai. Ka tsuke ƙofar haske zuwa 22 ko 32, ka zaɓi safiyar da babu hazo, ka jira iska ta kwanta, don takarda tana son daƙiƙu kafin ta ƙoshi da haske. Alhaji kuwa yana da gaskiya. Kai masa na biyu, kada ka ta da maganar kuɗin na farko.

Zai sayar da saniya don ya miƙe dutse

Gwaggo, ina gaisuwa. Maigidana malamin lakwal ne da ya yi ritaya. Ya sayo wata kyamarar Rasha ta hannu, Horizon, mai idon da ke juyawa, wai zai ɗauki duwatsun Dallol Boso da kasuwar Lahadi ta Baleyara daga wannan gefe zuwa wancan, don jikoki su ga ƙasar Kurfai yadda take. Duk hoton da ya wanko sai ƙasa ta lanƙwashe, wani ta lotsa, wani ta yi tozo. Ya ce an cuce shi. Yanzu ya ji labarin wata ta Jamus mai idon da ke zamewa, yana maganar sayar da saniyarmu. Ga aurar da 'yarmu bayan kaka. Idan na yi magana ya ce ban san aikin ba.

*Uwargida, Filinge*

'Yar'uwa, to yau za ki san aikin, ki je masa da shi.

Kyamarorin dogon hoto iri biyu ne. Akwai masu juya ido, irin tasa da aka ƙera a Krasnogorsk kusa da Mosko, da Widelux ta Japan, da Noblex ta birnin Dresden. A cikinsu fim a lanƙwashe yake kwance, ido yana zagayawa yana shafa masa haske ta wata siririyar tsaga. Tasa tana share digiri 120 a juyi ɗaya. Irin waɗannan ba sa yafe karkata ko ta ƙwayar gero. Ya ɗaga kai don ya kamo saman dutse, tsakiyar ƙasa ta lotsa, gefuna su tashi. Ya sunkuyar don ya kamo masu tallar ƙwarya, tsakiya ta yi tozo. Ba cuta aka yi masa ba, haka aka halicce ta. A samanta akwai ɗan gilashi mai kumfa, ki ce ya share masa ƙura. Sai kumfar ta zauna tsakiya ake dannawa.

Iri na biyu idonsu a kafe yake, fim a miƙe, hoto ɗaya santimita 6 da 17. Cikinsu akwai Technorama ta kamfanin Linhof na birnin Munich, da G617 ta Fuji. A nan ne nake son Malam ya buɗe kunne: ba kowacce ce idonta ke zamewa ba. Ta Fuji ba ta yi ko kaɗan. Ta Linhof mai 6 da 17 sai an ƙara mata wani ƙarfe na daban, ƙanwarta mai 6 da 12 kuwa an kafe idonta ne milimita 8 sama, ba ya gaba ba ya baya. Ko cikin masu juya ido, wasu samfuran Noblex ne suke ɗagawa, shi ma milimita 4 ko 5. Ta hannu ma a irin na Linhof ta haura miliyan ɗaya na sefa, kuma naɗin fim guda hoto 4 kacal yake bayarwa, alhali tasa tana ba shi sama da 20. Saniya ɗaya ba za ta kashe wannan wuta ba, za ta kunna ta ne.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne zamewar ido ba ta ƙirƙiro komai. Zaɓen wani yanki ne daga cikin abin da ido ya riga ya gani. Idan Malam ya saita kumfa, ya ja da baya har dutse ya shiga, sai ƙasa ta cika rabin hoton, to ya sa almakashi ya yanke ƙasar. Abin da ya rage shi ne abin da ido mai zamewa zai ba shi, sai dai ya yi asarar ɗan fim. Kasuwa kuma daga sama ake cinta. Ya hau rufin shago ko bayan babbar mota da ke tsaye, kyamara a saite, zai ga kara ta shimfiɗu gabansa, raƙuman Buzaye, shanun Azawak, Fulani da Zabarmawa da Kurfayawa, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Idan kuma dogon fim mai faɗi ne ya shiga ransa, kyamarar katako irin ta yaron da ya rubuto daga Baleyara tana yi: a rufe rabin takarda mai 13 da 18, a sami dogayen hotuna biyu masu kusan 6 da 17, ga allon ido yana zamewa kyauta. In dukkansu sun yarda, sai in haɗa su.

Kashedi ɗaya, kuma ki faɗa masa da babbar murya. A 2017 aka sa sassan jihar Tillaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Dattijo a kan rufi da baƙon ƙarfe yana juyawa abin tambaya ne. Ya fara gaida sarkin kasuwa, ya sanar da hukuma, kada ya fuskanci shinge ko barikin soja, kuma duk wanda zai fito kusa a hoto a nemi yardarsa, musamman matan mutane.

Ke kuma kada ki fara da saniya. Ki fara da cewa burinsa mai kyau ne, don mai kyau ne. Ki ce ya gwada naɗi ɗaya da kumfa a tsakiya. Idan ƙasa ta miƙe, magana ta ƙare. Idan ba ta miƙe ba, a zauna bayan biki, da 'yan'uwansa a wurin.

Maigida ya ce na kashe masa ido

Gwaggo, ina koyon hoto wurin wani dattijo. Yana da Crown Graphic ta Amurka mai fim inci 4 da 5, ba ya bari a taɓa sai da dalili. Ya aike ni in ɗauko wani dogon gawo da rumbuna a gindinsa, a hanyar Bonkuku. Na ji ana cewa a ɗaga ido, sai na ɗaga har ƙarshe. Da muka wanke, kusurwa biyu na sama sun yi baƙi ƙirin. Ya ce na lalata idon, zai riƙa cira daga ɗan abin da yake ba ni. Ban yi masa musu ba, amma raina ya ɓaci.

*Ɗan koyo, Tagazar*

Ɗana, da ka yi shiru ka kyauta. Idon lafiyarsa ƙalau, da'irarsa ce ka wuce.

Crown Graphic, wadda kamfanin Graflex ya yi daga 1947 zuwa 1973, kyamarar 'yan jarida ce, an yi ta don a riƙe a hannu a ɗauka da sauri. Da yawa suna zuwa da ido Xenar mai lamba 135. Da'irarsa kimanin milimita 161 ce, fim ɗin kuma daga kusurwa zuwa kusurwa yana cin kusan 154. Abin da ya rage maka na ɗagawa bai wuce milimita 6 ba, faɗin ƙwayar wake bai ma cika ba. Ƙarfen gaban kyamarar yana hawa fiye da haka nesa, kuma ba zai gargaɗe ka ba. Ido irin Nikkor-W mai lamba 150, da'irarsa 210 ce, a kan wannan fim ɗin zai ba ka santimita 3. Super-Angulon na Schneider mai lamba 90 yana da 216. Duk waɗannan alƙaluma a kan ƙofar haske 22 aka auna su. In ka buɗe ta sosai, gefen da'ira ya dushe, abin da kake da shi ya ragu.

Koyi karanta baƙin, don kowane da bakinsa. Baƙi mai lanƙwasa a kusurwoyin sama, ƙarshen da'ira ne. Baƙi miƙaƙƙe da ya yanke gefe ɗaya, zugazugi ne ya lotso ya tare haske. Fari-fari ko zane da ya ratsa hoto, huda ce a zugazugi, wadda zafi da busasshiyar iskar hunturu suke jawowa. Ita wannan a ɗaki mai duhu ake kama ta, a miƙe zugazugi a kunna tocila a ciki. Kuma kafin ka sa fim, bayan ka ɗaga ido ka tsuke ƙofa, ka zagayo gaba ka leƙa ta cikin idon. In kana hango kusurwoyi huɗu na gilashin baya, bismillah. In ɗaya ta ɓuya, sauke ido kaɗan.

Wajen maigida, kada ka je da “ba laifina ba ne”, don da laifinka: ka taɓa abin da ba ka tambaya ba. Ka ce, “Baba, na yi kuskure na ɗaga fiye da kima. A ba ni izini in mayar da shi tsakiya mu gwada a gabanka.” Gwajin ba ya cin fim. Ku fuskanci farin bango, ya duba gilashi da ido a tsakiya, sannan ka ɗaga yana kallon duhu yana shigowa, ka sauke ya ga ya fita. Gani ya kori ji. Kuɗin fim ɗin da ka ɓata ka biya da hannunka tun bai tambaya ba. Na ido kuwa, in dattijon kirki ne, shi zai janye da kansa ba sai ka tuna masa ba.

Yayana zai sayar da akwatin mahaifinmu

Gwaggo, mahaifinmu ya bar tsohuwar kyamara da akwati cike da nagetif, wasu na gilashi. Wani ya zo daga Yamai zai saya duka. Yayana ya ce waya ma tana miƙe gini da yatsa ɗaya, me za a yi da tarkace. Ni ƙarama ce, kuma mace, ba a jin tawa.

*Ƙanwa, Filinge*

'Yata, rabin maganar yayanki gaskiya ce. Waya tana miƙe gini, tana yi ne ta hanyar ja da saman hoto ta yanke gefuna, kuma don aikawa a WhatsApp ya wadatar. Kyamara kuwa gado ce, kina da rabonki a ciki, ba a sayar da ita sai da yardar magada. Wannan malamin unguwa zai tabbatar masa a zama ɗaya. In kowa ya yarda a sayar, a fara karanta sunan da ke bakin idon a tambayi wanda ya sani, don sau da yawa ido ya fi akwatin daraja.

Nagetif ɗin ne ban yarda a haɗa a ciniki ba. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana aiki da kyamara mai 13 da 18, ya adana dubban nagetif ɗinsa shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye su. A 1994 aka baje hotunansa a Fondation Cartier da ke Faris, yau duniya ta san shi. Da yawa daga abin da ake gani na rayuwar Yamai a shekarun 1960 da 1970 ya tsira ne saboda Philippe Koudjina ya ɗauka kuma an ajiye. Ban ce na mahaifinki za su kai Faris ba. Na ce a cikin akwatin nan akwai fuskokin iyaye da kakannin mutanen Kurfai, waɗanda jikokinsu ba su taɓa gani ba, kuma ba a sayar da fuskar mutane a bayan idonsu.

Kada ki tunkari yaya ke kaɗai. Ki bi ta wurin mahaifiya ko baffa, ki nemi abu ɗaya: a ware akwatin daga ciniki, a ba ki amanarsa. Na gilashi ki jera su a tsaye, takarda mai tsabta tsakanin kowane biyu, kada a ɗora wani kan wani. Ki riƙe su ta gefe, kada ki wanke, kada ki goge ɓangaren da ba ya sheƙi, nan hoton yake. Ki ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da damshin damina, ki nisanta shi da rufin kwano. Sannan ki riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya a gaban farin ƙyalle da rana a bayansa, ki ɗauka da waya, ki juya baƙi ya koma fari, ki kai wa tsofaffin gidanku su faɗa miki sunaye ki rubuta. Ki fara da wadda ta fi kowa tsufa, kuma ki fara a wannan mako.

Mako mai zuwa za mu koma kan wasiƙun lefe da suka taru. Allah ya ba mu zaman lafiya a Tillaberi da ƙasa baki ɗaya.

*Gwaggo*